Sitges, Cassis ko Sidi Bu Sa'id: wane garin bakin Bahar Rum ya dace da yininka?

A hoto garuruwan nan uku kamar 'yan ɗaki ɗaya suke: gidaje masu hasken fenti, shuɗin ruwa, jiragen ruwa jere a tasha. Kowannensu yana kusa da babban birni, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Sitges, da ake furtawa "Sijas", na da nisan kilomita 35 kudu maso yammacin Barselona a Sifaniya. Cassis, da mutanen wurin ke kira "Kasi", na da kusan kilomita 20 gabas da Marsey a Faransa, birnin da za ka ga an rubuta Marseille a allon tasha. Sidi Bu Sa'id kuma kusan kilomita 20 ne arewa maso gabashin Tunis, babban birnin Tunisiya. Sai dai yinin da kowanne zai ba ka daban ne. Sitges garin rairayi ne da wanka. Cassis garin dutse ne da tafiyar ƙafa. Sidi Bu Sa'id garin tudu ne, inda ake zama a kalli teku daga sama.

Wanda ya tafi da dattijuwa mai ciwon gwiwa ya zaɓi Cassis don kyawun hoto zai ƙare a teburin shayi, bai ga abin da ya kawo shi ba. Wanda ya yi wa yara alkawarin wanka ya nufi Sidi Bu Sa'id zai sha ƙorafi. Wanda kuma ya shiga Sitges da iyali a watan Agusta bai san halin gaɓar ba, zai yi ta neman inda zai kai idonsa. Don haka kafin a yi zancen kyau, a fara duba wa za a tafi da shi, a wane wata, kuma da wace takarda.

Takarda da kuɗi

Sitges da Cassis biza ɗaya ke shigar da su, ta yankin Schengen. Tun Yunin 2024 kuɗinta yuro 90 ne ga babba, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ana nema ne a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, ana kuma iya miƙa takardu tun saura wata shida a tashi. Mai son shiga a Yuli ko Agusta ya fara nema da wuri, domin samun ranar ganawa ya fi cike fom wahala. Tunisiya ba ta cikin wannan tsari, dokar shigarta ta danganta da fasfon da ke hannunka, sai a tambayi ofishin jakadancinta kafin a yanki tikiti.

Ta fuskar aljihu, Tunisiya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, Sitges na tsakiya, Cassis ya fi tsada. Amma kuɗin Tunisiya na da tarko biyu. Dinari ɗaya milim 1,000 ne, saboda haka in ka ga 4.500 a takardar abinci, dinari huɗu da rabi ake nufi, ba dubu huɗu da ɗari biyar ba. Na biyu, ba a fita da dinari daga ƙasar. Ka ajiye rasit ɗin da aka ba ka wurin canji, domin shi za a nema in za ka mayar da ragowar kuɗinka yuro ko dala a filin jirgi.

Sitges: mafi sauƙin zuwa, mafi kyawun rairayi

Babban abin da Sitges ya fi sauran da shi shi ne tashar jirgin ƙasa tana cikin gari. Ka sauka, ka gangara minti goma ta cikin lunguna, ga teku. Jirgin da za ka hau shi ne R2 Sud na layin Rodalies, daga tashar Sants, ko Passeig de Gràcia, ko Estació de França, tafiyar minti 35 zuwa 40, kuɗinta wajen yuro 5. A allo ba lallai ka ga sunan Sitges ba, ka nemi jirgin da ya nufi Vilanova i la Geltrú ko Sant Vicenç de Calders. A nan baƙi ke yawan kuskure: R2 Nord filin jirgin sama yake zuwa, akwai kuma R2 da ke tsayawa a Castelldefels, sannan yawancin jiragen Tarragona wucewa suke yi ba su tsaya ba. Katin yanki ɗaya da ake hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa da shi a Barselona ba ya kai wa Sitges, sai an yanki tikiti daban, a kuma riƙe shi har fita. Ka zauna ta hagu, domin bayan Castelldefels jirgin na bin gindin duwatsun Garraf, yana shiga rami yana fita, teku na ƙarƙashin taga. Jakarka ta kasance a cinyarka, 'yan sane na aiki a Sants da cikin jirgin. Mai mota yana da hanya biyu: C-32 mai ratsa cikin dutse, da sauri amma ana biyan kuɗin hanya, ko C-31 kyauta, mai kwana-kwana a bakin gangare.

Garin na da gaɓa 17, kusan duka rairayi mai laushi, ruwan kuma ba ya zurfi da wuri, abin da ya sa ya dace da yara da wanda bai ƙware a iyo ba. Titin bakin teku shimfiɗe yake, ya haura kilomita biyu, keken jarirai da keken guragu na tafiya ba wahala. Alamar garin ita ce cocin Sant Bartomeu i Santa Tecla ta ƙarni na 17, a kan wani dutse da ya kutsa cikin ruwa. Da ita ake gane hanya: gabas da ita akwai gaɓar Sant Sebastià, ƙarama, wadda iyalan garin suka fi zuwa; yamma da ita La Fragata da La Ribera, manya masu cunkoso. Bayan cocin akwai gidajen tarihi na Cau Ferrat, gidan mai zane Santiago Rusiñol, da Maricel, waɗanda ke rufe ranar Litinin.

Akwai abin da ya kamata a faɗa ba rufa-rufa, domin shi ke yanke wa iyalai da yawa hukunci. A Sifaniya mace ta cire rigar sama a bakin teku ba baƙon abu ba ne, a kowace gaɓa. Balmins, wadda ke gaba kaɗan da Sant Sebastià, da Home Mort can ƙarshen yamma, wuraren masu wanka tsirara ne. Sitges ya kuma yi suna a Turai a matsayin matattarar masu neman jinsi ɗaya, gaɓar Bassa Rodona ita ce dandalinsu, kuma lungunan tsakiyar gari na cika da mashaya in dare ya yi. Wanda wannan zai dame shi, mafitarsa ita ce ya zo tsakanin Nuwamba da Afrilu, lokacin da gaɓar ta zama wurin tattaki da cin abincin rana, amma ya kauce wa makon Karnabal a Fabrairu ko farkon Maris, wanda ya fi kowane lokaci hayaniya. A Oktoba akwai bikin fina-finai da ake yi tun 1968, kuma wajen 24 ga Agusta babban bikin garin ne da wasan wuta. A lokutan nan ɗakin kwana na wuya.

Abinci na buƙatar tambaya. Xató, da ake furtawa "shato", ganye ne da kifin gishiri da kifin tuna da miyar ƙwayar almon, babu nama a ciki. Amma shinkafar garin, arròs a la sitgetana, ana zuba mata haƙarƙarin alade da tsiren alade tare da kayan teku, kuma daga kallo ba za ka gane ba. Kalmomi biyu za su cece ka: "sin cerdo", wato ba alade, da "sin vino", ba giya. Gasasshen kifi shi ne mafi aminci. A kuma san cewa abincin rana sai wajen ƙarfe ɗaya da rabi ake fara shi, na dare kuma bayan takwas da rabi.

Cassis: wanda iska da wuta ke yanke wa hukunci

Jirgin TER daga tashar Saint-Charles ta Marsey, wanda ya nufi Toulon, yana kai ka Cassis cikin minti 25. Matsalar tana bayan saukar: tashar na da nisan kilomita 3 daga bakin ruwa, a can saman gari tsakanin gonakin inabi. Akwai ƙaramar bas da ke haɗa su, amma ba kowane jirgi take tara ba, kuma takan tashi daga aiki kafin jirgin ƙarshe. Da safe gangarowa da ƙafa minti 40 ne, ba laifi. Da yamma, bayan yinin hawan dutse, wannan kilomita ukun hawa ne. Abu na farko da za ka yi in ka sauka shi ne ɗaukar hoton jadawalin bas ɗin. Akwai kuma bas kai tsaye daga unguwar Castellane a Marsey ta hanyar tsaunin Gineste, wajen minti 45, wadda ke sauke ka kusa da tsakiyar gari. Mai mota a Yuli da Agusta kada ya ɓata lokacin neman wurin ajiya a ƙasa, ya bar ta a filin Gorguettes a bakin gari ya hau bas.

Garin kansa ƙarami ne, mazaunansa wajen 7,000, awa ɗaya ta isa a zagaye shi. Kasuwa na ci safiyar Laraba da Juma'a. Gaɓar Grande Mer da ke kusa da tashar jiragen ruwa rairayi ne gauraye da tsakuwa, Bestouan kuwa tsakuwa zalla. Ba don su ake zuwa ba. Ana zuwa ne don abin da ake kira kalank: lungunan teku masu tsawo da suka tsaga farin dutse, bango ta dama, bango ta hagu, ruwa kore shar a tsakiya. Tun 2012 yankin ya zama gandun ƙasa mai dokokinsa. Uku ne ake kai wa da ƙafa daga Cassis.

Port-Miou shi ne na farko, minti 30 daga tsakiyar gari ta cikin unguwa. Tsohuwar mahaƙar dutse ce, yanzu cike da ƙananan jiragen ruwa, ba wurin wanka ba ne. Port-Pin na gaba da shi da kusan rabin awa, akwai 'yar gaɓa da inuwar itatuwa, kuma nan ne iyakar mai yara. En-Vau shi ne wanda ke cikin hotuna, kuma shi ne mai wuya: wajen awa biyu daga gari, ƙarshensa gangare mai tsayi da ake sauka da hannu da ƙafa a wasu wurare. Zuwa da dawowa ka ware awa huɗu zuwa biyar, ban da zama. Dutsen hanyar ya yi sulɓi saboda yawan taku, har yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, shi ya sa silifa da takalmin fata mai santsin ƙasa ke jawo targaɗe. Babu famfo, babu shago, babu banɗaki, babu kwandon shara. Kowane mutum ya ɗauki ruwa lita biyu. A tashi kafin takwas na safe, domin farin dutsen na mayar da zafin rana fuska, sannan bangon En-Vau na da tsayin da inuwa ke rufe gaɓar tun la'asar ba ta yi ba.

Duk wannan shiri yana iya rushewa a dare ɗaya. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, hukumar jihar Bouches-du-Rhône na fitar da taswirar haɗarin gobarar daji kowace yamma wajen ƙarfe shida, don washegari. In yankin ya yi ja, an rufe hanyoyin ƙafa ke nan, kuma akwai tara ga wanda ya shiga. Manhajar Mes Calanques na nuna launin ranar. Abin da ke jawo jan shi ne fari haɗe da mistral, busasshiyar iska mai ƙarfi da ke gangarowa daga arewa ta kwarin kogin Rhône. Ita ce kuma ke hana jiragen yawon buɗe ido fita, ta sa a rufe Route des Crêtes, hanyar kilomita 15 da ke bi ta saman Cap Canaille, dutsen mita 394 da ke tsaye a kan teku, zuwa La Ciotat. Har ruwan wanka ba ta bari ba: tana kora ruwan sama mai ɗumi can cikin teku, mai sanyi ya taso daga ƙasa, sai ka ga rana na ƙuna a Agusta amma ruwan ya yi sanyin da ba a iya minti biyar a ciki. Ga kuma maɓuɓɓugan ruwan daɗi da ke fitowa ƙarƙashin dutse a Port-Miou da Bestouan, masu ƙara masa sanyi. Saboda haka kada a ɗaure Cassis da rana ɗaya tilo. A ware kwana biyu ko uku a Marsey, a zaɓi ranar da yamma kafin ta.

Wanda ba zai iya tafiyar ba yana da jirgin ruwa. Ana sayar da tikiti a rumfar da ke bakin tasha, ana zaɓar zagayen kalank uku, biyar ko fiye. Mafi gajarta wajen awa ɗaya ne, daga kusan yuro 20. Ba a sauka, kallo ne daga ruwa. Ga dattawa wannan ya wadatar, in dai teku na kwance. Mai saurin jin jiri ya tsaya a gajeren zagaye.

Cin halal ya fi sauƙi a Marsey fiye da Cassis. Unguwar Noailles, 'yar tafiya daga Saint-Charles, cike take da mahauta da gidajen abinci na mutanen Arewacin Afirka, akwai wuraren sallah a birnin da dama. Dabara ita ce a sayi guzuri can, a zo da shi. A Cassis kifi ne abin dogaro, amma farashin teburan da ke fuskantar ruwa na da zafi. Game da sutura, ba a hana hijabi a titi ba, amma rufe fuska da niƙabi a bainar jama'a haramun ne a dokar Faransa tun Afrilun 2011. Rigar wankan mata mai rufe jiki, burkini, wasu garuruwan gaɓa sun yi yunƙurin hana ta a 2016, babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta dakatar da irin wannan doka a watan Agustan shekarar. Duk da haka mai sanye da ita na iya gamuwa da kallo.

Sidi Bu Sa'id: kwanciyar hankali da tarihi, wanka kaɗan

Jirgin TGM, mai haɗa Tunis da La Goulette da La Marsa, ya samo asali tun 1872. Yana tashi daga tashar Tunis Marine a ƙarshen titin Habib Bourguiba, ya ratsa tafkin Tunis, ya kai Sidi Bu Sa'id cikin kusan minti 35 a kan kuɗi kaɗan ƙwarai. Tsoho ne, yana cika maƙil safe da yamma, kuma aikin gyara kan katse wani sashen layin, don haka a tambaya a masauki kafin a fita. Madadinsa tasi ce mai ruwan ɗorawa. Fitilarta na rikita baƙo: ja na nufin babu kowa a ciki, kore na nufin an ɗauka. Ka ce a kunna mita tun kafin motar ta motsa, ka kuma san cewa daga ƙarfe tara na dare ana ƙara rabin kuɗi. Daga filin jirgin Tunis-Carthage tafiyar ba ta wuce minti 20 in babu cunkoso, abin da ya sa garin ya dace da wanda ke da rabin yini kawai.

Sunan garin na wani waliyyi ne, Abu Sa'id al-Baji, wanda ya rasu a 1231, hubbarensa na saman tudun. Fari da shuɗin da ake gani a gidajen garin doka ce ta 1915 ta kare su, da ƙoƙarin Baron Rodolphe d'Erlanger, wanda ya gina fadar Ennejma Ezzahra tsakanin 1912 da 1922. Fadar yanzu cibiyar kiɗan Larabawa da na Bahar Rum ce, kuma ita ce abin da ya fi cancantar kuɗin shiga a garin: sassaƙen filasta, katakon rufi mai zane, ruwa na gudana a tsakar falo. Dar el-Annabi kuma gida ne na iyali da aka buɗe wa baƙi, inda ake ganin tsarin tsohon gidan Tunis da rufin da ake hawa.

Daga tasha zuwa tsakiyar gari hawa ne na minti 10 zuwa 15 a kan daɓen dutse. Dattijo zai iya in an bi a hankali, keken guragu kuwa zai sha wuya. Babban titin guda ɗaya ne, kuma daga hantsi zuwa la'asar motocin 'yan yawon buɗe ido na juye mutane a cikinsa. Ka zo kafin goma na safe ko bayan huɗu na yamma, ko kuma ka karkata cikin kowane lungu: taku ashirin sai shiru, sai ƙofofi shuɗɗa da aka yi wa zane da baƙaƙen ƙusoshi, da furanni na zubowa ta kan katanga. A saman titin akwai Café des Nattes, inda ake zama a kan tabarma. Can gaba, Café des Délices na kallon tashar jiragen ruwa da dutsen Bu Ƙarnain mai kai biyu a tsallaken ruwa. Abin sha shi ne shayin na'a-na'a da 'ya'yan bunduƙ, wato ƙwayar itacen pine, na yawo a samansa, abin taɓawa kuma bambaloni, wani fanke mai rami a tsakiya da ake tsamowa daga mai a birkiɗa a sukari. A duk wurin da ke da kyawun kallo, a nemi takardar farashi kafin a yi oda. Mai miƙo maka damin furen yasmin sayarwa yake yi, kayan tsaraba kuma sai da ciniki.

Raunin garin shi ne wanka. Gaɓar na can ƙasa kusa da tashar jiragen ruwa, ana sauka ta matakala ɗaruruwa, ƙarama ce kuma tana cika. La Marsa, tasha biyu gaba, da Gammarth sun fi ta fili. Ma'aikatar lafiya ta Tunisiya na fitar da jerin gaɓoɓin da aka hana wanka a cikinsu kowace shekara saboda gurɓatar ruwa, kuma wasu na yankin Tunis kan shiga jerin, don haka a tambaya. Mai son rairayi na gaske ya nufi Hammamet, kilomita 60 da 'yan kai, a motar haya ta luwaj daga tashar Bab Alioua. Wannan kuwa yini ne na daban.

Abin da ya cike wannan giɓi shi ne Kartaj, da aka rubuta Carthage a tashoshi, wadda jirgin ke ratsawa kafin ya iso. Birnin da Rumawa suka rusa a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa, suka sake ginawa, yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 1979. Tikiti ɗaya ke shigar da kai wurarensa, amma a warwatse suke, kada a ce za a gama su duka. Biyu sun isa: tudun Byrsa da kangon wuraren wankan Rumawa na Antonin a bakin ruwa, a sauka a tashar Carthage Hannibal. Wuraren wankan na jingine da fadar shugaban ƙasa, kada a juya kyamara ta wannan ɓangaren. A Kartaj ɗin akwai babban masallacin Malik ibn Anas. Mutanen ƙasar galibi Malikawa ne, Bahaushe zai shiga sahu bai ji baƙunta ba, kuma batun abinci ba ya buƙatar tambaya: birik, kuskus da kifi, ojja, sai dai a yi hattara da yajin harisa. A watan azumi yawancin wuraren shayi na rufe da rana, garin na farkawa ne bayan buɗa-baki.

Akwai magana ɗaya mai nauyi. Tun Fabrairun 2023, bayan jawabin Shugaba Kais Saied kan baƙin haure daga kudu da Sahara, baƙar fata a Tunisiya sun fuskanci tsangwama da yawan binciken takardu. Unguwannin Kartaj da Sidi Bu Sa'id da La Marsa sun saba da baƙi, amma fasfo mai hatimin shiga, da takardar otal, da tikitin komawa su kasance a jikinka kullum. Niƙabi kuma an hana shiga da shi ma'aikatun gwamnati tun Yulin 2019.

Ruwan, watan da agogon

Bahar Rum na jinkirin ɗumama. A Mayu rana na da daɗi amma ruwan bai wuce digiri 17 ko 18 ba, sai Agusta yake kai wa 25 a Sitges da Tunis. Satumba ita ce watan da ta haɗa ruwa mai ɗumi da raguwar jama'a, kuma ita ce zaɓin da ya fi ga Sitges da Sidi Bu Sa'id. Cassis kuwa Afrilu, Mayu da Oktoba ne nasa, lokacin da dokar gobara ba ta aiki kuma zafi bai hana tafiya ba.

Wanda ya koyi iyo a kogi ko dam ya sani teku daban ce. A gaɓar Turai tuta kore na nufin a shiga, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja kada a shiga. Kalank ukun nan na Cassis ba su da masu ceto. Akwai wata halittar ruwa mai kamar lema, jikinta kamar kitse, da Sifaniyawa ke kira medusa, tana harbi kamar an ɗora wuta. In ta taɓa ka, a wanke da ruwan teku, kada a zuba ruwan famfo kuma kada a murza, domin hakan na fasa ragowar dafin da ya maƙale a fata. A duwatsun Cassis kuma akwai bushiyar teku mai baƙaƙen ƙayoyi da ke karyewa cikin tafin ƙafa, takalmin roba na shiga ruwa ke maganinta. Lambar gaggawa a Sifaniya da Faransa 112 ce. A Tunisiya 197 'yan sanda, 190 motar asibiti.

Agogon Tunisiya daidai yake da na Najeriya da Nijar duk shekara, kuma ko a ƙarshen Yuni rana na faɗuwa kafin takwas. Sifaniya da Faransa na gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, magariba a Yuni sai kusan tara da rabi na dare, isha'i bayan sha ɗaya. Wannan na ruɗar baƙo: yana ganin rana a sama ya ɗauka da sauran lokaci, alhali bas ɗin ƙarshe na Cassis ya tashi. Mai zuwa Sitges ko Cassis ya saka 'yar darduma a jaka, ya shirya sallolinsa na matafiyi tun kafin ya bar birni. Alƙibla daga duka ukun gabas ce maso kudu.

Batun kwana kuwa, Sitges na da otal da yawa kuma ana iya mayar da shi masauki a riƙa shiga Barselona da jirgi, har akwai bas kai tsaye daga filin jirgin sama. Cassis ɗakunansa kaɗan ne kuma masu tsada, gara a kwana a Marsey kusa da Saint-Charles a kama jirgin farko. A Sidi Bu Sa'id akwai 'yan tsofaffin gidaje da aka mayar masauki, amma mota ba ta kai wa ƙofar yawancinsu, akwati da hannu ake jan sa a kan daɓen dutse. Mai kaya da yawa ko mai tafiya da dattawa ya sauka a La Marsa ko Gammarth, ya shigo da tasi bayan la'asar.